Yadda zaka yi amfani da tsutsar nimatod a lambu ba tare da zafin Kano ya kashe maka ita ba

Masu lambu da yawa sun fara jin labarin wata tsutsa da ake sayowa a leda, a kaɗa ta a ruwa a zuba a ƙasa, ita kuma ta bi ƙwari ta riƙa kashe su da kanta, ba guba ba wari, ba sai ka jira kwanaki kafin ka tsinki tumatir ɗinka ba. To gaskiya ne akwai ta, nimatod ake ce mata, kuma tana aiki. Amma fa abu ne mai rai, kuma yawancin wadda ake sayarwa a duniya an tanade ta ne don ƙasashe masu sanyi, mu kuwa nan garin a watan Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40 a inuwa. Wanda ya saya bai san wannan ba zai zuba gawa ne a lambunsa, bayan sati ya ce yaudara ce.

Kafin komai kada a haɗa ta da nimatod ɗin da manoman tumatir suka sani, waccan mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu shuka ta tsumbure. Dangi ɗaya ne amma sana'a daban. Wannan ba ruwanta da saiwa, ba ta taɓa mutum ko akuya ko kaza, ƙwaro kawai take nema. Gida biyu ne ake amfani da su, Steinernema da Heterorhabditis, kuma sai ka riƙe sunayen nan don su ne a jikin leda. Ba sabon abu bane, tun 1929 wani mai bincike Rudolf Glaser ya gano ɗaya daga cikinsu a jikin gwazarma a jihar New Jersey ta Amurka, aka fara kiwonta ana zubawa a fili tun shekarun 1930.

Girmanta kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya, da ƙyar ido yake ganinta. Wadda ke cikin leda ƴar matashiya ce da bakinta a rufe yake, bata ci bata sha, kitsen da ke jikinta shi ne guzurinta har ta samu ƙwaro. Idan ta same shi sai ta shiga ta baki ko ta dubura ko ta ƙofofin numfashin da ke gefen jikinsa, Heterorhabditis ma tana da ɗan haƙori da take iya huda fata. Tana shiga sai ta saki wasu bakteriya da take ɗauke da su a cikinta, su ne suke kashe ƙwaron cikin kwana ɗaya zuwa biyu, su narkar da cikinsa, ita kuma ta ci ta girma ta hayayyafa a ciki, bayan sati ɗaya zuwa biyu dubban ƴaƴa su fito su bazu a ƙasa neman wani.

To kaga duk matakan nan zafi yana da hannu a ciki. Idan ƙasa ta yi ɗumi tsutsar tana ƙara motsi, guzurin nan ya ƙare da wuri, wadda zata yi makonni tana jira a ƙasa mai sanyi-sanyi sai ta ƙare cikin ƴan kwanaki. Idan zafin ya haura 35 yawancin iri sun fara mutuwa kenan, a 40 kuwa ƴan awoyi sun isa. Sannan akwai wani abu da mutane basu cika lura da shi ba, haihuwa tana tsayawa tun kafin kisa ya tsaya, wato akwai zafin da zata iya shiga ƙwaro ta kashe shi amma ta mutu a ciki bata bar baya ba, kai kuma kana zaton ka shuka dakaru a lambu ashe zuwa ɗaya suka yi. Sanyi shi da sauƙi, kasala kawai yake sa mata, ta kwanta, in ƙasa ta ɗumama ta tashi ta ci gaba. Mu a Kano matsalar sanyi kaɗan ce.

Wane iri zaka nema

Nan ne ake fara asarar kuɗi. Wadda ta fi yawa a kasuwannin Turai ita ce Steinernema feltiae, saboda tana aiki tun daga digiri 8 zuwa 10, ta fi jin daɗi ƙasa da 25, kuma da an haura 30 ta gama. Ni dai a ganina mai lambu a Kano ya manta da ita kawai, sai dai in cikin tsakiyar hunturu ne, Disamba da Janairu, shi ma a komin da ke shan ruwa kullum. Akwai Steinernema kraussei wadda take aiki har a digiri 5, wannan ko kyauta aka baka ka ce ka gode.

Steinernema carpocapsae ta fi son tsakanin 22 da 28, kuma gwana ce a kan tsutsotsin malam-buɗe-littafi, irin mai yanke shuka daga tushe da dare da tsutsar masara. Sai dai halinta kwanton ɓauna ne, a saman ƙasa take tsayawa tana jiran ƙwaro ya gifta, kuma saman ƙasa nan ne rana ta fi dafawa, don haka ita ce ta fi kowa buƙatar a lulluɓe mata ƙasa. Heterorhabditis bacteriophora ita farauta take fita, tana nutsawa ƙasa tana bin warin ƙwaro, shi yasa ake ba ta aikin gwazarma da sauran masu cin saiwa, tana aiki sosai daga wajen 20 zuwa 30.

Masu jure zafi na gaske biyu ne da aka fi sani. Heterorhabditis indica, wadda aka fara bayyanawa a 1992 daga gonakin rake na kudancin Indiya, daga baya aka yi ta samunta a ƙasashe masu zafi har da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin inda aka gwada ta a kan gara. Sai Steinernema riobrave da aka samo a kwarin Rio Grande na jihar Texas aka bayyana ta a 1994, wannan a gwajin ɗakin bincike ta kashe ƙwaro har a digiri 39 kuma tana haihuwa har wajen 35. In kana da zaɓi, ɗaya daga cikin biyun nan zaka ce a kawo maka. Kamfanonin da suka shahara da harkar akwai Koppert na Holan da e-nema na Jamus da Dudutech na Kenya, kuma tunda abu ne mai rai shigo da shi sai da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS, don haka ya fi sauƙi masu lambu su haɗu a ƙungiya su yi oda ɗaya ta hannun dila mai rajista. Duk ledar da ba a rubuta cikakken sunan irin da ranar ƙarewa ba, kar ka karɓa.

Auna ƙasarka tukunna

Zafin da wayarka take nuna maka na iska ne, tsutsa kuwa a ƙasa zata zauna, kuma su biyun basa tafiya tare. Ƙasar jigawa da rana ta buga tsirara a bazara samanta yana iya wuce digiri 50, duk wanda ya taɓa takawa ba takalmi da azahar ya sani, amma komin da ke gefenta mai ganye a rufe da danshi in ka tura yatsa zaka ji sanyi. Don haka sai ka nemi ma'aunin zafi. Ba na kemis da ake sawa a hammata ba, shi iyakarsa daga 32 zuwa 42 ne, ka nemi mai dogon tsinken ƙarfe irin na masu gashi da masu yin kek, ko na gilashi irin na ɗakin kimiyyar makaranta.

Ka soka shi a cikin komin da zaka yi aikin, zurfin santimita 5, ka bar shi minti biyu ka karanta, sannan ka ƙara tura shi zuwa santimita 10 wato kamar tsawon yatsanka na tsakiya da ɗan ƙari. Ka yi haka bayan asuba, da wajen ƙarfe uku na rana, da magariba, kwana biyu ko uku a jere kana rubutawa. Abin da zaka gani zai baka mamaki, ƙasan ƙasa bata kai ƙarshen zafinta da azahar, sai wajen la'asar, domin zafin a hankali yake sauka. Kenan mutumin da ya ce bari rana ta yi sanyi ya fito ƙarfe huɗu da rabi ya zuba, ya zuba ne daidai lokacin da cikin ƙasa ya fi zafi.

Lambar da zaka duba ita ce ta ƙarfe uku a santimita 5. In tana ƙasa da 30, bismillah, kusan kowanne iri banda na sanyi zai yi. In tana tsakanin 30 da 35 sai indica ko riobrave, kuma da lulluɓi da ban ruwa. In ta haura 35 ka ajiye kuɗinka, ko ka fara gyara komin, ka lulluɓe shi ka ƙara ruwa ka sake aunawa bayan kwana biyu, sau da yawa zaka ga ta sauko da digiri da dama.

In aka bi watanni, Maris da Afrilu da Mayu a bar su kawai, sai wanda ke da rumfar raga ko wurin renon dashe a ƙarƙashin inuwa. Damina in ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin, musamman Agusta da hadari ke rufe rana ga danshi ko'ina, kuma lokacin ne tsutsar masara da gwazarma suke tashe. Oktoba ka yi hattara, ruwa ya ɗauke zafi ya ɗan dawo ƙasa tana bushewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa lokacin ƴan noman rani ne, su Kura da Kadawa da masu lambun bakin rafi a cikin gari, zafin ƙasa daidai ne, da asuba iska tana sauka har wajen 12 zuwa 14 don haka indica zata ɗan yi nauyin jiki, bacteriophora da carpocapsae su ne suka fi dacewa. Abokin gabarka a hunturu ba zafi bane, bushewa ce, iskar nan tana shanye danshin saman ƙasa kafin ka juya.

Daga hannun dila zuwa lambu

Wallahi yawancin tsutsar da take mutuwa bata ma kai ga ganin ƙasa ba. Leda ce ƴar ƙarama mai gari-gari ko soso a ciki, an ɗauko ta an jefa a but ɗin mota ko a bayan adaidaita sahu, an tsaya a cunkoson Ƙofar Wambai ko na Kurna awa guda, shikenan an gama. Ka je karɓa da kula irin ta masu allurar rigakafi ko ta abinci, da ƙanƙara a ƙasa, ka naɗe ƙanƙarar da tsumma ko kwali kada ledar ta taɓa ta kai tsaye. Ka tafi gida kai tsaye, cefane ya jira.

A gida firji, ba firiza ba. In ta daskare ta mutu. Su Steinernema da bacteriophora suna son tsakanin digiri 4 da 10, wato can ƙasan firji inda ake sa kayan miya. Amma indica ƴar ƙasar zafi ce, sanyin firji mai tsanani yana cutar da ita, ta fi daɗewa a wajen 15, don haka ka karanta abin da aka rubuta a ledar ka bi shi. Kuma da yanayin wutarmu, a ɗauke a kawo, firji ya yi sanyi ya huce ya sake sanyi, wannan hawa da saukar tana cinye mata ƙarfi, shi yasa shawarata kar ka yi odar sai komai naka ya shirya, ta iso yau ka zuba yau ko gobe. In babu firji sam, tukunya cikin tukunya zata riƙe maka ita kwana ɗaya ko biyu, dabarar nan da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ta fi aiki a lokacin rani da iska take a bushe, da damina sanyinta kaɗan ne.

Kafin ka haɗa ka tabbatar da rai a ciki. Ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali ka sa a faranti na gilashi ko murfin roba mai haske da ruwa kaɗan, ka bar shi minti goma zuwa ashirin ya huce daga sanyin firji, ka ɗora a kan baƙin ƙyalle ka haska tocilan waya daga gefe, ka duba da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya. Zaka ga ƙananan zare farare. Masu rai suna lanƙwashe suna mutsu-mutsu, wasu suna kwance da ɗan lanƙwasa a wutsiya, in ka girgiza sai su motsa. Matattu a miƙe suke samɓal, komai girgizarka. In yawanci a miƙe suke, ko ledar tana wari, ka ɗauki bidiyo nan take ka tura wa wanda ya sayar maka.

Ranar zubawa

Ruwan haɗawa shi ne tarko na gaba. Baƙin tankin nan na roba da ke saman gini ko a tsakar lambu, ruwan cikinsa da yamma har wanka ake yi da shi ba a dafa ba, in ka kaɗa tsutsa a ciki ka kashe ta kafin ka ɗaga bokiti. Haka ruwan da ya kwana a cikin tiyo a rana. Abin da ake so ruwa mai digiri 15 zuwa 25, kar dai ya kai 30. Ka ɗebi ruwa tun safe ka zuba a randa a inuwa, in na famfo ne ma zaman zai sa sinadarin kulorin ya fice, in ka auna da yamma bai sauko ba ka jefa ƙanƙara leda ɗaya ko biyu ka jira ta narke duka. Kar ka haɗa da ruwan kwata irin na Jakara, na rijiya ko na burtsatse ya fi.

Tun la'asar ka ba komin ruwa sosai, wannan ruwan shi zai sauke zafin ƙasa kuma ya buɗe wa tsutsar hanya, domin a cikin siririn ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take iyo, busasshiyar ƙasa bata iya ratsa ta. Amma kar ka mayar da wurin tafki, tana numfashi, in ruwa ya kwanta ya daɗe zata shaƙe. Sai rana ta faɗi, bayan an idar da magariba, sannan ka haɗa. Dalili biyu ne, hasken rana kansa yana kashe ta cikin mintuna in tana fili, sannan kana ba ta dare guda cur ta nutse ko ta samu ƙwaro kafin rana ta sake fitowa. Wasu suna cewa asuba tunda lokacin ƙasa ta fi sanyi, eh gaskiya ne, amma awa uku kawai gare ta kafin rana ta hau, ni na fi yarda da magariba. In ranar hadari ce ana yayyafi, to kowane lokaci ma yayi.

Lissafin yawa ba wuya. Mafi ƙarancin da aka saba shi ne tsutsa 250,000 a kowace murabba'in mita, da yawan kamfanoni kuma suna rubuta 500,000. Kenan leda mai miliyan 50 zata ishi fili mai mita 10 tsawo mita 10 faɗi, in an ja ta kai ninki biyu. Hekta guda tana cin biliyan biyu da rabi a ƙalla, leda 50 kenan, kaga wannan ba harkar gonar gero bace, ta lambu ce da wurin reno da gidan raga da masu fulawa da bishiyoyin dashe. A zafin nan namu ka ɗauki adadi na sama, don wasu zasu mutu ko ya ka yi.

Juye ledar gaba ɗaya a bokiti mai lita 10, kar ka raba ta a bushe ka ce rabi yau rabi jibi, ba daidai suke a rarrabe a ciki ba kuma da an buɗe ta fara lalacewa. Ka dama sosai, ka bar shi minti biyar, ka sake damawa. Daga nan ka riƙa ɗiban lita ɗaya kana zubawa a garwar ban ruwa mai kan shawa, ka cika da ruwa, ka zuba a murabba'in mita 10. Duk ɗiban da zaka yi ka fara juya bokitin, saboda suna kwanciya a ƙasa da sauri, in ba haka ba komin farko ya sha ruwa zalla na ƙarshe ya kwashe duka. In da famfon feshi na goyo zaka yi, ka wanke shi tas da sabulu sau da yawa, ka cire ƴar ragar tacewa da ke bakin da wadda ke hannun, ka sa baki mai faɗin rami aƙalla rabin milimita, kana tafiya kana girgiza bayanka. Abin da ka haɗa ka gama da shi cikin awa biyu, kar ya kwana, ruwan da ke tsaye iskarsa ƙarewa take.

Kana gamawa ka bi da wani ruwan sama-sama ya wanke waɗanda suka maƙale a ganye ya tura su ƙasa, sannan lulluɓi. Ɓuntun shinkafa, busasshiyar ciyawa, karan dawa da aka sassara, ɓawon gyaɗa, duk wanda ka samu, kaurin yatsa uku. Kar ka sa baƙar leda, ita zafi take tarawa, da leda ma ake dafa ƙasa in ana son kashe nimatod mai cin saiwa. Sati biyu bayan nan ƙasa kar ta bushe, ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma, ranar da rana ta yi tsanani ka ƙara yayyafi da azahar don sanyaya wurin. Ƙasar jigawa tsutsar ta fi sakewa a cikinta amma ita ce mai saurin zafi da bushewa, ta fadama mai laka tana riƙe sanyi amma tafiya a cikinta da wuya, in irin wannan ce taka kar ka cika mata ruwa.

Maganin ƙwari kuwa, duk wanda aka yi don kashe nimatod irin su Furadan ba sa haɗa wuri ɗaya da ita sam, sauran ma ka bar tazarar sati ɗaya zuwa biyu. Ɗanyen kashin kaji da yuriya mai yawa su ma ka ɗaga musu ƙafa a wannan satin.

Maganar feshi a ganye

Tambayar da kowa ke yi ita ce sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016 har kwando ya gagari mutane, da kuma tsutsar masara da ta shigo Afirka a wannan shekarar aka fara ganinta a Najeriya. Dukkansu nimatod tana kashe su, an gwada, har cikin ramin da sharon ke yi a ganye tana shiga. Matsalar ita ce a kan ganye babu inda zata ɓuya, in digon ruwan ya bushe ta mutu, kuma tumatir ɗinmu a hunturu ake yinsa lokacin da iska ta fi bushewa. Don haka feshin ganye a fili da rani ni bana ba da shawararsa, sai a gidan raga da za a iya jiƙa ko'ina a rufe, a fesa da dare ganye ya kwana a jiƙe. A fili ka nufi ƙasa, domin da yawan sharon in ta ƙoshi ƙasa take sauka ta yi kwanci, tsutsar masara ma haka, a nan ƙarƙashin shukar za su tarar ana jiransu. Kuma kar ka ɗauka ita kaɗai zata raba ka da sharon, a haɗa da tarko da tsince ganyen da ya kamu.

Masara da damina labarinta daban, tsutsar tana zama ne a cikin kunnen masara can tsakiya inda akwai inuwa da ɗan ruwa. A Ruwanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta CABI da jami'ar Neuchâtel ta Suwizalan sun gwada saka nimatod ɗin ƙasarsu a cikin wani abu mai kauri kamar kamu suna ɗigawa a kunnen masarar don kar ta bushe, kuma ya rage ɓarna. Kai ma in zaka gwada a ƴar masarar bayan gida, da magariba ka ɗiga ruwan haɗin kai tsaye a cikin kunnen kowace shuka.

Bayan kwana uku zuwa biyar ka tona gefen shuka ka duba. Ƙwaron da Heterorhabditis ta kashe yana komawa ja kamar jan bulo, wanda Steinernema ta kashe kuma ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan madara mai duhu, jikinsa yayi laushi amma bai fashe ba kuma baya ɗoyi. In baƙi ne yana wari, wani abu ne ya kashe shi. Jan nan in ka kai shi ɗaki mai duhu sosai ka jira idonka ya saba, wani lokaci zaka ga yana ɗan ƙyalli, bakteriyar ce take haske. Ka mayar da gawar inda ka tono ta ka rufe, ƴaƴa na nan tafe daga cikinta in zafin wurin bai wuce kima ba.

Ta gida

Wadda ta fi kowacce iya zafin Kano ita ce wadda tun asali a ƙasar Kano take, kuma kamo ta ba wani abin wahala bane. Da damina ka ɗebi ƙasa mai danshi daga zurfin santimita 10 zuwa 20 a wurin da ba a cika feshi ba, ƙarƙashin mangwaro ko gwaiba, bakin rafi, gefen shinge. Ka zuba a roba mai murfi, ka sa tsutsa biyar zuwa goma masu rai a kai, wadda aka fi amfani da ita ita ce tsutsar da ke cin saƙar zuma, masu kiwon zuma sun san ta sarai kuma zasu baka da murna. Ka rufe da ƴan ƙananan huji, ka kifa robar, ka ajiye a ɗaki mai duhu da sanyi-sanyi, gindin randa ya yi. Duk bayan kwana biyu ka duba har sati guda, wadda ta mutu ta canza launi irin wanda na faɗa ba wari, ka ware ta ka ɗauraye.

Sai ka kifa ƙaramin murfi a tsakiyar faranti mai zurfi, ka shimfiɗa farin ƙyalle ko tishu a kan murfin gefensa yana taɓa ƙasan farantin, ka zuba ruwa mai tsabta kaɗan yadda ƙyallen zai riƙa tsotsa amma ruwan bai hau kan murfin ba, ka jera gawarwakin a sama ka rufe. Cikin sati ɗaya zuwa biyu zaka ga ruwan ya fara yin fari-fari, su ne suka fito suka gangaro. Ka tsiyaye a kwalba mai faɗi, ruwan kar ya wuce zurfin santimita ɗaya don su samu iska, ka kwantar da ita a tukunya cikin tukunya. Ƙasa tana da wasu nimatod masu cin mushe kawai da suke kama da ita, don haka ka sake gwada ruwan a kan sabbin tsutsotsi masu lafiya ka ga ko zasu mutu cikin kwana biyu da launin nan, sannan ka kai samfuri tsangayar aikin gona ta BUK ko ofishin cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan Kano ko takwararta IAR da ke Samaru a Zariya a duba maka a madubin ƙara girma a gaya maka wace iri ce kafin ka fara yawaita ta.